JININ DA YA WUCE KWANAKINSA: DARASI A KAN SANKARAR BAKIN MAHAIFA

 

GABATARWA

Akwai wata tambaya da ba ta yankewa a zaurukan malamanmu, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Galibi maigida ne yake kawo ta bayan an tashi daga karatu. Sai ya matso, ya rage murya, ya ce: "Allah gafarta malam, iyalina ce take ganin jini bayan kwanakinta sun wuce, yaya za ta yi da salla?" Malam kuma ya ba da amsa kamar yadda take a fiƙihun Malikiyya: haila ba ta wuce kwana 15, jinin biƙi ba ya wuce kwana 60, abin da ya zarce haka istihala ce, sai ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Maigida ya yi godiya ya tafi.

Amsar ta yi daidai, kuma ta wadatar a kan hukuncin salla. Sai dai ku lura, malamai da kansu suna kiran istihala jinin ciwo. To, wane ciwo ne? Wannan tambaya ta biyu ba a cika yin ta ba, ga shi kuwa wani lokaci ran matar yana rataye da ita. Sau da yawa dalilin jinin mai sauƙi ne. Amma a cikin dalilansa akwai sankarar bakin mahaifa, wadda wasu ke kira ciwon daji ko kansa. Darasinmu na yau zai bi abin da masu bincike suka gano game da wannan cuta: mafarinta, yadda take ginuwa a jiki, da dogon lokacin da take bai wa mai ita kafin ta fi ƙarfin magani.

FASALI NA ƊAYA: BAMBANCIN ƘARI DA SANKARA

Ku sani, jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Adadinsu a jikin baligi ya kai kimanin biliyan dubu 30. Kowace ƙwaya tana ɗauke da kundin umarni wanda ta gada daga uwa da uba, masana suna kiransa DNA. A cikinsa aka rubuta lokacin da za ta rabu gida biyu, da lokacin da za ta tsaya, da lokacin da za ta mutu ta bar wa sabuwa wuri. Da wannan tsari ne rauni yake warkewa, kuma da ya warke sai tsiron nama ya tsaya.

Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu, sai ta kwafi kundin nan gaba ɗaya, kuma mai kwafi ba ya rasa kuskure. Mafi yawan kurakuran ana gyara su nan take. In sun taru a wuraren da ke hana ƙwaya yawan rabuwa, sai ta daina jin umarni, ta yi ta hayayyafa har ta zama dunƙule. Wannan dunƙule shi ne ƙari.

Ƙari iri biyu ne. Akwai wanda yake girma a wurinsa, ba ya cin naman da ke kusa da shi, ba ya tafiya ko'ina. Misalinsa ƙarin mahaifa da ake kira fibrom, wanda ya yawaita ga mata, musamman baƙar fata. Yana iya sa haila ta yi yawa, ko mara ta yi nauyi, ko haihuwa ta yi wuya, amma ba sankara ba ne, kuma likitoci suna da maganinsa. Iri na biyu shi ne wanda yake kutsawa cikin naman da ke gefensa, ya kuma bi jini da magudanan jiki ya tafi huhu ko hanta ko ƙashi. Shi ne sankara.

A gabobin haihuwa na mace, sankara tana iya fitowa a bakin mahaifa, ko a cikin mahaifar, ko a gidan ƙwai, ko a farji, har ma akwai wadda take tasowa daga ragowar mabiyiya bayan ciki ya lalace. Kowace da dalilinta da maganinta. Mun zaɓi ta bakin mahaifa domin ita ce ta fi sauran kisa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kuma ita ce aka fi sanin hanyar tare ta.

FASALI NA BIYU: GIRMAN MATSALAR

Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekara ta 2022 mata kimanin 660,000 ne aka samu da wannan cuta a duniya, kimanin 350,000 kuma suka mutu saboda ita. Kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka mutu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Ba domin jikin matan can ya bambanta da na nan ba ne. Dalili shi ne can ana duba mace tun tana da lafiya, nan kuwa ba ta zuwa likita sai ciwo ya kwantar da ita.

Kuma cutar ta fi kama mace a tsakiyar rayuwarta, lokacin da ƴaƴanta suke buƙatarta, ga na goye ga na makaranta. Duk wanda ya taɓa ganin gidan da uwa ta rasu ta bar ƙanana ya san abin da muke nufi.

FASALI NA UKU: YADDA AKA GANO MAFARINTA

A shekara ta 1842 wani likita na garin Berona a ƙasar Italiya, mai suna Rigoni-Stern, ya zauna ya bi littattafan da aka rubuta mamatan garin daga 1760 zuwa 1839. Sai ya lura sankarar mahaifa ta fi yawa ga matan aure da zawarawa, ba a cika samun ta ba ga matan coci waɗanda ba sa aure. Wannan ya sa aka fara zaton akwai wani abu da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Amma mene ne shi? An yi fiye da shekara 100 ba a sani ba.

A 1951 wata baƙar fata ƴar Amurka, Henrietta Lacks, uwar ƴaƴa biyar, ta je asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore tana fama da zubar jini. Aka same ta da sankarar bakin mahaifa, ta rasu a watan Oktoba na wannan shekara tana da shekara 31. Likitoci sun yanki ɗan naman ƙarin ba tare da saninta ba, suka sa a kwalba. Har zuwa lokacin, ƙwayoyin jikin mutum ba sa daɗewa a kwalba suke mutuwa. Nata kuwa suka ci gaba da hayayyafa, har yau suna nan a ɗakunan bincike na duniya da sunan HeLa. Da su aka gwada rigakafin shan inna, da su aka yi bincike dubbai. Iyalinta ba su sami labari ba sai bayan fiye da shekara 20. Wannan rashin amana yana cikin abubuwan da ake karantar da likitoci a yau, domin su san ba a ɗaukar komai daga jikin majinyaci don bincike sai da yardarsa.

Wanda ya warware tambayar shi ne wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen. A shekarun 1970 yawancin masana suna zargin wata ƙwayar cuta daban. Shi kuwa ya dage cewa mai laifin yana cikin dangin birus ɗin da ke haifar da ƴan tsire-tsire a fata, wanda ake kira HPV. Birus ƙwayar cuta ce mafi ƙanƙanta, ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayar halittar wani. An daɗe ba a yarda da shi ba. A 1983 shi da abokan aikinsa suka ciro nau'in HPV 16 daga naman sankara, a 1984 kuma suka ciro HPV 18. Da aka duba ƙwayoyin HeLa, sai ga HPV 18 a cikinsu: abin da ya kashe Henrietta Lacks ke nan. An ba zur Hausen lambar yabo ta Nobel a 2008, ya rasu a 2023.

Yanzu an san nau'o'in HPV sun haura 200. Mafi yawansu ba su da haɗari. Guda 12 ne aka tabbatar suna kawo sankara, kuma 16 da 18 su kaɗai suke da alhakin kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. In an haɗa su duka, fiye da kashi 95 cikin 100 na wannan cuta daga HPV take.

FASALI NA HUƊU: ABIN DA ƘWAYAR CUTAR TAKE YI A JIKI

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai masu gadi biyu da ya kamata mu san su. Na farko sunansa p53, an gano shi a 1979. Aikinsa shi ne duba kundin umarni. In ya ga ɓarna sai ya tsayar da ƙwayar har a gyara, in ɓarnar ta fi ƙarfin gyara sai ya sa ƙwayar ta mutu domin jiki ya tsira. Muhimmancinsa ya kai ga kimanin rabin dukan sankarorin ɗan Adam ana samun wannan mai gadi a lalace. Na biyu sunansa Rb, shi ne kamar birki, yana riƙe ƙwaya kada ta rabu sai lokaci ya yi.

HPV mai haɗari yana ƙera wasu makamai biyu, E6 da E7. A 1989 da 1990 masu bincike a Amurka suka nuna aikinsu: E7 yana kama Rb ya ɗaure shi, E6 kuma yana sa a rushe p53. Ga ƙwaya an cire mata birki, ga mai duba ɓarna an kawar da shi. Sai ta yi ta rabuwa, kurakurai suna taruwa shekara bayan shekara, babu mai gyara.

To, a nan ne babban darasin yake. Wannan abu ba ya faruwa dare ɗaya. Cikin mutum 10 da suka ɗauki HPV, kimanin 9 garkuwar jikinsu tana kawar da shi cikin shekara biyu, ba su ma san ya shiga ba. Ga ƴan kaɗan ne yake zaunawa. Ga waɗannan, fatar bakin mahaifa takan fara canzawa a hankali, ta zama abin da likitoci ke kira share fagen sankara, daga nan ta zama sankara. Tsakanin farko da ƙarshe akan yi shekara 15 zuwa 20. Ga mace mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da ƙwayar cutar sida wadda ba ta shan magani, akan yi shekara 5 zuwa 10, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida.

Manomi ya san ƙuduji. Kafin furensa ya bayyana a gona, ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana manne da saiwar gero yana tsotsa. Ran da aka ga furen, an riga an yi ɓarna. Haka wannan cuta take: a shekarun share fage ba ciwo, ba jini, ba wari, mace tana daka tana ɗiban ruwa tana haihuwa. Bambancin kawai shi ne likita yana iya leƙawa ya ga saiwar tun fure bai fito ba.

Akwai abubuwan da suke taimaka wa cutar ta zauna: ɗaukar cikin fari da ƙuruciya ƙwarai, yawan haihuwa, shan taba, wasu cututtukan sanyi da ba a yi maganinsu ba, da daɗewa shekaru masu yawa a kan ƙwayoyin tazarar haihuwa. Bincike kuma ya nuna kaciyar maza tana rage yaɗuwar HPV, sai dai ba ta hana shi gaba ɗaya, saboda haka kada wani ya dogara da ita.

FASALI NA BIYAR: AWO TUN ANA DA LAFIYA

Tun kafin a san HPV, wani likita ɗan ƙasar Girka mai aiki a birnin Niyok, George Papanicolaou, ya gano cewa in aka shafo ƴan ƙwayoyi daga bakin mahaifa aka duba a madubi, ana iya bambanta masu lafiya da waɗanda suka fara lalacewa. Ya gabatar da wannan a 1928 ba a kula shi ba, sai da ya fitar da littafi tare da abokin aikinsa Herbert Traut a 1943. Matarsa ce ta riƙa ba da kanta ana gwajin a kanta shekaru masu yawa. Ƙasashen da suka riƙi wannan awo suka mai da shi al'ada, mutuwar mata da wannan cuta ta ragu a cikinsu da fiye da rabi.

Awon Papanicolaou yana buƙatar ɗakin bincike da ƙwararru, abin da ba kowane gari yake da shi ba. Saboda haka aka nemo hanya mai sauƙi: ungozomar likita ta shafa ruwan binega mai sauƙin tsami a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, ana ganinsa da ido. An gwada wannan a birnin Mumbai na Indiya a kan mata kimanin 150,000, sakamakon da aka bayyana a 2013 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 31 cikin 100. Akwai kuma awo na uku wanda ya fi duka inganci, shi ne neman ƙwayar HPV ɗin kanta, kuma mace tana iya ɗaukar samfurin da hannunta ta miƙa wa ma'aikaciya.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta fara awo tana da shekara 30. In na HPV ne, ta maimaita bayan shekara 5 zuwa 10; in na binega ne, bayan shekara 3. Mai ɗauke da ƙwayar sida ta fara tana da shekara 25.

In an ga wurin da ya fara lalacewa, maganinsa ba ya ɗaukar lokaci. Ana ɗora masa wani ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko a daskarar da shi da sanyi, ko a shafce shi. Ba a cire mahaifa, ba a kwantar da mace, ranar take komawa gida, kuma tana iya haihuwa bayan haka. Ku gwada wannan da halin wadda ta zo a makare.

FASALI NA SHIDA: ALLURAR RIGAKAFI

Da aka san mafarin cuta, sai aka nemi a tare ta tun daga ƙofa. A 1991 masana biyu a Jami'ar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya, Ian Frazer da Jian Zhou, suka ƙera ɓawon HPV wanda babu komai a cikinsa, wasu masana a Amurka kuma suka inganta aikin. Jiki yana ganin ɓawon sai ya ɗauka maƙiyi ne, ya tanadi makamai. Ran da na gaskiya ya zo sai ya tarar ana jiransa. Tun da ɓawo ne kawai, ba ya iya haifar da cuta.

An amince da allurar farko a 2006. Ostareliya ta fara yi wa ƴan matanta a 2007, Ruwanda ta zama ta farko a Afirka da ta yi haka a ƙasa baki ɗaya a 2011. Sakamako ya fito. A Suwidin an bi ƴan mata da mata kimanin miliyan 1.7, binciken da aka buga a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa allurar kafin su kai shekara 17 haɗarin sankarar ya ragu gare su da kashi 88 cikin 100. A Ingila, binciken 2021 ya nuna raguwar kashi 87 cikin 100 ga waɗanda aka kai wa allurar suna da shekara 12 zuwa 13. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa allura ɗaya ma tana ba ƴan mata kariya mai ƙarfi. Maƙwabciyarmu Najeriya ta sa ta cikin rigakafinta na yau da kullum a watan Oktoba na 2023, ga ƴan shekara 9 zuwa 14.

Wani zai ce: don me ake yi wa yarinya ƙarama rigakafin cutar manya? Amsa ita ce allurar tana hana ƙwayar cuta shiga ne, ba ta fitar da wadda ta riga ta shiga. Saboda haka lokacinta shi ne kafin aure. Wani kuma zai ce ya ji tana hana haihuwa. Kwamitin da ke bin lafiyar alluran rigakafi na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba wannan zance, bai sami alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba, kuma waɗanda aka yi wa ita tun 2006 da 2007 da yawansu iyaye ne yanzu. Abin da yake raba mace da mahaifarta a zahiri shi ne sankarar in ta kama.

A watan Nuwamba na 2020 Hukumar ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan cuta, da buri uku kafin 2030: a yi wa kashi 90 cikin 100 na ƴan mata allura kafin shekara 15, a auna kashi 70 cikin 100 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka samu da matsala magani. Wannan ne karo na farko da ƙasashen duniya suka yi alkawarin kawar da wata sankara.

FASALI NA BAKWAI: ALAMOMIN DA BA A JINKIRI DA SU

Duk macen da ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, ta je likita a cikin makon:

1. Jini bayan saduwa da miji.
2. Jini tsakanin haila da haila, ko haila da ta ƙi ɗaukewa.
3. Jini, ko da ɗigo ne, bayan haila ta yanke da girma. Wannan yana iya zama alamar sankarar cikin mahaifa ma, wadda galibi ake warkewa in an kama ta da wuri.
4. Ruwa mai wari da ba ya jin magani.
5. Ciwon mara ko na baya wanda ya daɗe, ko rama ba dalili.
6. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan ɓari ko haihuwa.

Ganin alama ba ya nufin sankara ce. Likita ne kawai zai bambance. In ma ita ce, matakin farko ana warkar da shi da tiyata, na gaba da shi kuma da gashin na'ura haɗe da magani. Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin na'ura a 2021. Amma in ta bazu zuwa mafitsara ko hanji ko huhu, abin da ya rage galibi shi ne rage raɗaɗi. Watannin da ake ɓatawa ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi da matsi su ne watannin da cutar take ƙetarawa daga wancan mataki zuwa wannan.

FASALI NA TAKWAS: KASHEDI A KAN MUMMUNAN ZATO

Ya ku ƴan'uwa, mun ce HPV ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa, kuma muna tsoron kada wani ya ɗauki wannan ilimi ya mai da shi wuƙa. Ku sani, kusan duk wanda ya taɓa aure, namiji ko mace, ya gamu da wani nau'in HPV a rayuwarsa. Namiji yana ɗauke da shi ba alama. Yana iya kawo shi daga auren fari zuwa na biyu, ita ma mace haka, kuma yana iya zama shiru a jiki shekara 20. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Babu likitan da zai iya faɗin ranar da ya shiga ko daga wa ya zo. Saboda haka samun wannan cuta ga mace ba hujja ba ce a kan mutuncinta. Wanda ya zarge ta, ko ya sake ta, ko ya ƙaurace mata saboda wari, ya haɗa mata ciwo biyu, kuma ya koya wa sauran matan unguwa su ɓoye nasu.

KAMMALAWA

Galibin masu karanta wannan takarda maza ne, kuma a gidajenmu mace ba ta fita sai da izini, ba ta da kuɗin mota sai an ba ta, kunya kuma tana hana ta faɗin abin da take gani. Ashe ke nan makullin yana hannunmu. Ga abin da muke roƙo:

Na ɗaya, maigida ya karanta wa iyalinsa wannan darasi, ya tambaye su da taushin murya, ya tambayi mahaifiyarsa ta bakin ƴar'uwarsa.

Na biyu, duk macen da ta kai shekara 30 a kai ta cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ko likita mafi kusa, a tambayi inda ake awon bakin mahaifa, ko da lafiyarta ƙalau. A nemi mace ta duba ta, ungozomomin likita sun iya wannan aiki.

Na uku, in ma'aikatan lafiya suka zo da allurar HPV ga ƴan mata, uba ya yi tambaya ga masana, kada ya yanke hukunci da jita-jitar kasuwa.

Na huɗu, muna roƙon malamanmu da malamai mata na makarantun Islamiyya: in an kawo tambayar istihala, bayan an faɗi hukuncin wanka da salla, a ƙara da cewa, "A kai ta likita a duba." Wannan ƙarin bai rage komai daga fatawa ba, kuma yana iya barin uwa a kan ƴaƴanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon aiki da abin da muka sani.